Rage Malamai a Makarantun Kudu: Wa Ya Ce Ba Ruwanmu?

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin mutanenmu mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu. Duk lokacin da aka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu a kan makarantu, ko an tsayar da albashin malamai, ko wasu sun yi ritaya ba a kawo madadinsu ba, sai ka ga Bahaushe ya kaɗa kai ya ce, "Wannan rigimar 'yan gari ce. Mu nema ya kawo mu." Wani ya karɓe da cewa ai baƙo raɓa ne. Yanzu kuma an ƙara wa maganar gishiri: wai duk wanda ya je taron iyayen yara ya buɗe baki, ko ya sa hannu a takardar koke, za a kai sunansa ƙaramar hukuma a ƙwace masa rumfa a kasuwa. Ka tambayi mai faɗin wa aka taɓa yi wa haka, sai ya ce shi ma ji ya yi. A kan wannan ji-ta-ji-tar muka naɗe hannu, 'ya'yanmu kuwa suna wuni a aji babu mai koya musu ko baƙi ɗaya.

Rage kasafin ilimi ba ya buƙatar dogon bayani. Kuɗin da aka ware wa makarantu ne ake zaftarewa, ko a rubuta shi a takarda a ƙi sakinsa, kuma tunda albashi ne ke cin kaso mafi tsoka, a kan malami abin yake fara sauka. Wani lokaci a kore shi a fili, wani lokaci a tsayar masa da albashi har ya gaji ya tafi da ƙafarsa. Mafi muni shi ne wanda ba a shelarsa a rediyo: malami ya yi ritaya ko ya rasu, a bar gurbinsa haka nan, shekara ta bi shekara.

Duk wanda ya daɗe a jihar Ribas ya ga irin wannan. A 2013 gwamnatin Rotimi Amaechi ta ɗauki malamai kimanin 13,000. A 2016 gwamnatin Nyesom Wike ta tsayar da albashin malaman makarantun firamare da sakandare da ke cikin manyan makarantun jihar, bisa hujjar cewa tunda suna karɓar kuɗin makaranta, su riƙa biyan malamansu da kansu. Malaman suka garzaya kotun ma'aikata, kotu ta ba su gaskiya, amma suka kwashe shekaru suna bin haƙƙinsu. Ƙungiyar malamai ta NUT kuma ta sha kokawa kan ƙarancin malamai a makarantun jihar.

Ga yadda abin yake idan ya iso aji. Na leƙa wata firamaren gwamnati da yaran unguwarmu ke zuwa, na tarar an haɗa aji uku da aji huɗu a ɗaki guda, yara sun cika har bakin ƙofa, wasu a kan benci, wasu a kan buhun siminti da aka shimfiɗa. Malamar da ke riƙe da su ta tafi aji shida cike wani gurbin. Ta bar wani yaro da ya fi saura tsawo da tsumagiya a hannu, yana rubuta sunan masu surutu a allo. Aikin da aka yi ke nan har aka kaɗa ƙararrawa. A cikin yaran akwai ɗan mai shayi, da ɗan maigadi, da 'yar mahaucin da ke fita kwata tun asuba. Makarantar ta aika wa iyaye takardar gayyata taro a kan wannan matsalar. Na ga ɗaya daga cikin takardun a jakar yaron maƙwabcina bayan taro ya wuce, ta jiƙe da man ƙosai, ba a ko warware ninkinta ba.

Na yi wa wani dattijo mai sayar da albasa maganar. Ya ce, "Yaro, kai dai ba ka san zaman Kudu ba. Wanda ya zo garin mutane ai sai ya kama bakinsa." Na ce, "Baba, jikokinka nawa ne a makarantar nan?" Ya lissafa su da yatsu. Na ce, "To a ina aka yanke musu cibiya?" Ya yi dariya ya ce a nan. Har yanzu dai yana ganin su baƙi ne.

Mu fara da doka, tunda tsoron hukuma ne ke rufe mana baki. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin garinsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa kowace gwamnati nauyin ba wa kowane yaro ilimi kyauta kuma dole, shekara tara, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Ba a ce yaron da kakansa ya fito daga jihar kawai ba. Dokar ma ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, har da tara ko ɗauri idan ya maimaita. To dokar da za ta iya kama ka a kan ɗanka bai je makaranta ba, ita ce za ta hana ka tambayar ina malamin ajinsa?

Sai batun kuɗi. Albashin malaman firamare yana fitowa ne daga kason ƙananan hukumomi na asusun tarayya, hukumar SUBEB ta jiha ke kula da lamarin. Hukumar UBEC ta tarayya tana samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, tana raba wa jihohi don gini da kujeru da horar da malamai, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabin kafin ta ɗauka. Wannan kuɗi na 'yan Nijeriya ne baki ɗaya. Kai da kake sayen katin waya kana biyan harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100. Kai da ake yankar maka tikiti kullum a kasuwa, ake karɓar kuɗin kan kowace saniya da kowane buhun albasa da aka sauke daga tirela, wa ya taɓa ce maka ka riƙe kuɗinka tunda kai baƙo ne? Ranar karɓa kai ɗan gari ne. Sai ranar tambayar abin da aka yi da kuɗin ne kai da bakinka kake mayar da kanka baƙo.

Tarihi ma bai goyi bayan wannan magana ba. Hausawa mafarautan giwa sun zauna a Elele ta jihar Ribas tun kafin a kafa Fatakwal. Zangon Hausawa na Anacha da Ama Hausa ta Inugu sun girmi kakannin da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu. A shekarun 1950, wani Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma zaɓensa aka yi. Da ya zauna a zango yana cewa nema ya kawo shi, da yau babu wanda ya san sunansa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu da muke cewa ba ruwanmu, mu ne abin ya fi ci. Ɗan gari mai hali, da ya ga makarantar gwamnati ta fara tangal-tangal, sai ya kwashe 'ya'yansa ya kai makarantar kuɗi. A Anambra, tun da gwamnatin Peter Obi ta mayar wa coci-coci makarantun firamare 1,040 a 2011, maƙwabcinmu Kirista yana da zaɓi mai faɗi, mu kuwa da yawanmu ba mu sakin jiki da waɗannan makarantu, sai mu taru a 'yan na gwamnati da suka rage. Wa ya saura a ajin da babu malami? Ɗan mai tura baro, da ɗan mai yankan farce, da ɗan mai facin taya, tare da 'ya'yan talakawan gari irinmu. Yaro ya ga watanni suna wucewa ba ya ƙaruwa da komai, uba ya ce gara ya zo ya taya shi tsaron tireda. Daga nan an gama. Bayan shekara goma mu dawo muna kukan ba mu da lauya ko likita ko ɗan sanda namu a garin.

Wasu kuma sai su ce ai gida za su mayar da yaran. Wane gidan? A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a Kaduna, ta ce 21,780 ba su kai makin da ake so ba, ta sallame su, malamai suka tafi yajin aiki a Janairun 2018. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357. A Abuja, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Mafi yawan yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta a Arewa suke. Wanda bai koyi tsaya wa makarantar ɗansa a Trans-Amadi ta Fatakwal ba, in ya koma Funtuwa ko Gusau ma ba zai iya ba.

Ban ce tsoron namu ba shi da tushe ba. Dattawa suna tuna rikicin 1966, matasa suna tuna rikicin Anacha na Fabrairun 2006 da na Oyigbo na Oktoban 2020. Bambancin ɗan asalin jiha da wanda ba shi ba ma gaskiya ne: a 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikata da malamai waɗanda ba 'yan asalin jihar ba, mafi yawansu Ibo ne 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta. Amma waɗanda abin ya shafa ba su yi shiru ba, jihohinsu ma ba su yi ba, kuma bayan dogon ce-ce-ku-ce gwamnatin ta ba da sanarwar mayar da su. Sannan taron iyayen yara a harabar makaranta da hantsi ba zanga-zanga ba ce. Babu wanda ya ce ka ɗauki kwali ka tare hanyar Aba. Kuma mu daina yaudarar kanmu: lokacin da gwamnatin Ribas ta rufe kwatar Trans-Amadi a 2021, wa ya ce shi baƙo ne? Kowa ya yi magana, aka yi ta taro, aka nemi 'yan jarida, aka nemi a ba da wani wurin. Ashe mun san hanya idan abin ya taɓa saniya. Sai a kan ɗan da muka haifa ne baki yake mutuwa.

Dalilan da ke sa gwamnati rage kuɗin makarantu suna da yawa, faɗuwar farashin mai, da bashi, da ma'aikatan bogi, da rigimar 'yan siyasa, amma babu ɗaya a cikinsu da shirunmu zai gyara. Ga abin da ke hannunmu.

Ka fara da sanin makarantar. Ka san sunanta, da sunan hedimasta, da malamin ajin ɗanka, ka karɓi lambar wayarsa. Ka ƙirga azuzuwa ka ƙirga malamai. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Idan ka ga abin ya ninka haka, ka sami abin faɗa da hujja. Kullum yaro ya dawo ka buɗe jakarsa, ko ba ka iya boko ba za ka gane shafin da aka yi rubutu yau da wanda ba a yi ba, za ka ga jan biron malami ko rashinsa.

Ka je taron iyayen yara na PTA da ƙafarka. Rashin Turanci ba uzuri ba ne, buroka da kake ciniki da ita a kasuwa ta isa, in ka ga dama ka tafi da wani matashi ya yi maka tafinta. In kasuwa ta riƙe ka, uwar yara ta je. Matanmu suna da ƙungiyoyin Islamiyya da na adashi, kuma sun fi mu sanin halin da yaran ke ciki. Hana su zuwa da sunan kunya, alhali kai ma ba ka je ba, zalunci ne a kan yaron.

Kowace makarantar gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin al'umma mai sa ido a kan tafiyar da ita, wanda ake kira SBMC, kuma a cikinsa akwai gurbin iyaye da mata da shugabannin unguwa da na addini. Sarkin Hausawa da Sarkin Fawa da limamai su nemi a ba mu kujera a makarantun da yaranmu suka yi yawa. Kuma a tura wanda zai iya, mai karatu, mai haƙurin zama taro. Kada a mayar da ita sarautar da ake ba suruki.

Kada mu yi koke na Hausawa zalla. Matar Ikwerre mai sayar da kifi da Ba'ibo mai gyaran janareto, 'ya'yansu a benci ɗaya suke da namu. A haɗa kai da su, a je wa fasto a je wa liman, a fitar da takarda guda da sunan iyayen makaranta kaza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma takardar da ke ɗauke da sunan Musa da Chinedu da Boma a jere babu mai iya ce mata rigimar ƙabila. Wannan shi ne maganin tsoron da ake ba mu.

Koken ya zama a rubuce, gajere, da lissafi: yara kaza, malamai kaza, malami kaza ya yi ritaya wata kaza ba a kawo wani ba, ga abin da muke roƙo. A kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da hukumar SUBEB, da kansila, da ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin. Duk inda aka kai a sa su buga hatimi a kan kwafi a dawo da shi a adana. Bayan mako biyu a koma. Ofis ba ya jin magana sau ɗaya, sai an yi ta sintiri cikin ladabi. In an ga shiru ya yi yawa, gidajen rediyo suna da shirye-shiryen da ake buga waya, a sa mai natsuwa ya kira.

A kula da lokaci. Yawanci ƙarshen shekara gwamna yake kai kasafin kuɗi majalisa, kafin a amince da shi ne magana take da amfani. Kuma alkawarin da gwamnati ta yi da bakinta shi ne makaminmu. A Inugu, gwamnatin Peter Mbah ta ware wa ilimi kashi 33 cikin 100 na kasafin 2024, ta kuma ce za ta gina makarantun zamani 260, ɗaya a kowace mazaɓa. Mutanen Ama Hausa da Gariki su tambaya: ina tamu, kuma yaranmu nawa aka rubuta? A Anambra, gwamnatin Charles Soludo ta ɗauki malamai 5,000 a 2022 ta kuma shelanta ilimi kyauta. Mutanen Anacha su tambaya nawa aka turo makarantun da ke kusa da su. A Ribas, tun 2019 gwamnati ta ce ta soke duk wani kuɗi da ake karɓa a makarantunta na firamare da sakandare. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannunka, ka ce ya ba ka rasit, ka ga yadda fuskarsa za ta canja.

In dole ta sa iyaye suka yi karo-karo don ɗaukar malamin wucin gadi, a yi shi a fili, da littafin lissafi, kuma a sa masa wa'adi, zango ɗaya ko biyu, ana ci gaba da matsa wa hukuma. In ba haka ba, gwamnati ta sami inda za ta jingine kayanta, talaka ya koma biyan albashi da sunan ilimi kyauta.

Mu kuma gyara namu laifin, don yana da girma. Yawan yaran da ke cikin rajista da masu zuwa kullum shi ake dubawa wajen tura malamai. Mu ne za mu tafi da yaro gida hutun Salla a tsakiyar zango, sai bayan an yi girbi a dawo da shi. Mu ne ba mu yi wa yaro takardar haihuwa. Mu ne ke cire yarinya a aji biyar. Duk yaron da ka janye, ka ba wa mai neman rage malamai hujja da hannunka. A kudu maso gabas ma zaman gida na ranar Litinin da aka fara a 2021 ya riga ya cinye wa yara kwanaki masu yawa, bai kamata mu ƙara musu da namu sakacin ba.

Kada mu kare malamin da ba ya zuwa aiki ko wanda bai iya ba. Wanda bai cancanta ba a cire shi, amma a kawo wani kafin ya fita. Abin da muke ƙi shi ne aji babu malami. Kuma kada a kuskura a fito da yara kan titi kamar yadda aka gani a Kaduna a 2017. Magana ta manya ce, manya su yi ta. In yajin aiki ya rufe makaranta, makarantun Islamiyyarmu su buɗe darasin lissafi da Turanci da safe, ɗalibanmu na jami'a da masu bautar ƙasa su taimaka, kada yaro ya saba da zaman kasuwa. Matasanmu masu takardar NCE da aka haifa a nan su ma su riƙa neman aikin koyarwa duk lokacin da aka buɗe, ko an hana su sau ɗaya su sake nema.

Sai katin zaɓe. Mutum ya shekara ashirin a Diobu ta Fatakwal, katinsa na can ƙauye. Hukumar zaɓe tana ba da damar a mayar da rajista inda mutum yake zaune. Kansila ya san akwatin da ke da ƙuri'a, kuma ya san unguwar da ba ta da ko ɗaya.

Ina roƙon limamanmu na Juma'a, a Fatakwal da Anacha da Inugu: yadda kuke sanar da ɗaurin aure da jana'iza da gudummawar gyaran masallaci, ku riƙa sanar da ranar taron iyayen yara, ku faɗi sunan makaranta da lokaci. Shugabannin kasuwa su yafe wa mutum tarar rashin zuwa taron ƙungiya in ya nuna makarantar ɗansa ya je. Yaran nan amana ce, kuma ranar da za a tambaye mu a kansu ba za a karɓi uzurin cewa a garin mutane muka haife su ba. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana, Ya shirya mana zuri'a.